Abin da Jirgin Zaharaddini Ya Gani

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce. Ina surfen gero, Shatu maƙwabciyata ta shigo ba sallama, ta riƙe mini taɓarya. Ta ce babbar mota ta banke Labo a kan babur, ko shurawa bai yi ba. Ɗana ke nan na fari. Ban yi karatun lakol mai nisa ba, amma zan rubuta wannan, don har yau in na tuna abin da garinmu ya yi wa ɗan mutane bayan rasuwar, raina ɓaci yake yi.

Labo ya taɓa gani a salula, wasu na tsayawa kan katako a teku, iska na tura su da ƙyalle. Ya cire tsohon ƙyauren ɗakina, ya ɗaure masa jarkoki, ya kafa sanda da tamfol. Da Gulbi ya cika tabkin bayan gari, sai ya kira abokinsa Zaharaddini daga Gazawa, mai ɗaukar hoton biki. Ya zo da ƙaramar kyamara da ake ɗaurawa a sandar, da wani jirgi kamar faifai mai tashi sama yana ɗauka.

A bakin tabkin nan ya fara ganin ɗiyata Farida. Ta kai wa yayanta fura, jirgin ya sauko daidai kanta yana ƙugi.

Ta ce, "Kai! Wa ke da wannan ƙwaron?"

Zaharaddini ya ce, "Nawa ne, ranki ya daɗe. Ruwa na tura shi ɗauka, ya ƙi jin magana."

"To ka ja masa kunne, in ba haka ba ludayi zai sha."

Labo ya yi dariya har ya faɗa ruwa.

Daga baya Farida ta nuna mini saƙonninsu. Na farko ya ce: "Fari, ƙwarona na neman gafara. Ni ma haka. Gobe za ki kawo fura?" Ta amsa: "Furar yayana ce, Mai Ƙwaro. Amma ludayi biyu zan kawo."

Ba ɓoye-ɓoye suka yi ba. Ya zo ya gaida babanta, Malam Yusufu, har an fara zancen turo manya. Sai mutuwa ta shigo.

Ba a yi sadakar arba'in ba Chindo ya fara yawo da magana. Chindo mai awon hatsi ne, sau biyu Farida na ce masa a'a. Ya ce jirgin nan ba tabki yake ɗauka ba, matan gari yake leƙe. Kowa ya san makewayinmu ba rufi, zana ce kawai, sama a buɗe. Cikin kwana uku mata suka koma wanka a duƙe, wasu suka shimfiɗa buhu bisa zana. Wanda ya san inda jirgin ke zuwa, Labo ne kaɗai, ga shi a ƙasa.

Malam ya ce, "Kar in sake ganin ƙafar Zaharaddini a ƙofata."

Na ce, "Malam, ka gani da idonka?"

"Kowa na faɗi, Delu."

"Kowa Chindo ne!"

Zaharaddini ya kwashi katunan ajiyar hoto na jirgin da na kyamarar duka ya kai gaban dattawa, ya ce a duba. Ba wanda ya miƙa hannu. Liman ya ce in maganar gaskiya ce, to tsiraicin matan mutane ke ciki, bai halatta namiji ya kalla ba. Suka ce madalla, suka watse. Ku ji fa! Ba za su duba ba, kuma ba za su daina zargi ba. Haka suka bar yaro riƙe da shaidarsa a hannu.

Farida, da ke kirana Inna, ta rubuta masa: "In kana da gaskiya, ka kawo wa Inna ta gani." Ya amsa: "Ba zan iya ba, Fari. Ki yafe mini." Ta ɗauka laifi ne ya hana shi. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Sai wani saƙon ya zo: "Tauraruwata, Labo ne a ciki daga farko har ƙarshe. Gara in rasa ki da in sa Inna ta kalle shi yanzu."

Da ta karanta mini, na ɗauki mayafina.

Na tara mata tara a tsakar gidana, har da Hasiya, uwar Chindo. Na sa ta kusa da ni. Na aika aka kira Zaharaddini, ya haɗa mana na'urarsa, ya fita waje.

Na ce, "Maza sun ce idonsu bai halatta ba. Namu ya halatta. Ba mai tashi sai an gama."

Daga hantsi har la'asar muna kallo. Ruwa, tamfol, ɗana. Yana faɗuwa yana hawa, yana ihu, iska na cika masa riga. Na cusa bakin mayafi a bakina, ban kau da kai ba. Ko katangar gida ɗaya ba ta fito ba. Mace guda ce a ciki, Farida, da hijabinta da ƙwaryar fura. Shatu ta ƙirga, sau goma sha ɗaya ta fito.

Ta ce, "To, leƙe kam ya yi, amma a bakin tabki, gaban yayanta."

Muka yi dariya da hawaye. Hasiya ba ta yi ba. Ta miƙe ta ce, "Ki yafe mini, Delu. Ni na haife shi, ni zan kai maganar gaban liman." Kuma ta kai.

Dattawan nan ba wanda ya ba yaron haƙuri, ko ɗaya. Wannan har gobe yana cina. Malam kaɗai ya fita ƙofar gida ya same shi, ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Aka roƙi ango ya tada jirgi a ɗauki taro, ya ce sai Inna ta yarda. Na ce ya tada shi har sama, duk mai jin kunya ya duƙa. Da za a kai amarya Gazawa na riƙe kansu na ce, Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da bakin mutane. Yanzu suna da ɗa namiji, Abdurrahaman.

Zaharaddini ya saka mini guntun hoton a salulata, bai kai minti ɗaya ba. Kullum in na gama sharar safe sai in zauna bakin murhu in kunna. Labo na tsaye, iska ta ɗauke shi zuwa tsakiyar tabki. Na san daidai inda zai faɗa ruwa. Kafin nan nake tsayarwa, in yi masa addu'a, in hura wuta.