Tankar Ƙarshe da Saje Ya Haɗa

Sufeto yana shirin tashi daga ofis da yamma wayar ta shigo: an kashe wani tsohon soja a ɗakin aikinsa, kuma maƙwabta sun riga sun kama wanda ya yi kisan. Ya ja tsaki ya ɗauki hularsa. A iya saninsa, duk ranar da maƙwabta suka riga 'yan sanda gano mai laifi, to aiki ya zama biyu.

Marigayin, wanda kowa ke kira Saje, direban tankar yaƙi ne a zamaninsa. Da ya yi ritaya sai ya mayar da garejin gidansa wurin haɗa ƙananan tankokin roba, irin waɗanda ake sayowa gutsi-gutsi a kwali, a manna su da gam, a yi musu fenti har su fito tamkar na gaske.

Yanzu duk suna ƙasa a farfashe, an bi su da takalmi ɗaya bayan ɗaya. Saje yana kwance gefen tebur. An fasa masa ƙeya da wani guntun sarƙar tanka ta gaske da yake ajiyewa don tarihi.

A ƙofar gida an ɗaure wani dattijo da igiyar shanya, rigarsa jina-jina, bakinsa a fashe.

"Wane ne wannan?" Sufeto ya tambayi Kofur ɗinsa.

"Kurma ke nan, yallaɓai. Abokin marigayin ne, tare suka yi yaƙi. Tun a can kunnensa ya tafi, kan ma ba daidai yake ba. An same shi rungume da gawar."

"Rungume?"

"Haka suka ce."

Sufeto ya koma ciki ya tsaya kan teburin. Tanka ɗaya ce ta tsira a kai, wadda aka fara yi wa fenti, layin fentin ya katse a tsakiya, alamar mai aikin bai shirya tashi ba. Amma burushin an wanke shi tas da kananzir, an matse bakinsa ya yi tsini, an kwantar da shi a kan tsumma. Kwalbar gam kuma a rufe take, rufi mai kyau. Sai da Sufeto ya cije leɓe kafin ya iya buɗe ta.

'Yar Saje tana falo, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Nas ce, ita kaɗai gare shi. Ta yi kuka har ya ƙare, sai idanu jawur.

"Ki yi haƙuri, 'yata, tambaya ba ta jiran makoki," in ji Sufeto. "Mahaifinki yana rufe gam idan ya gama aiki?"

Ta dube shi kamar wanda ya zautu. "Gam? Baba bai taɓa rufe gam ba. Wuta ta cinye masa yatsu a yaƙi, ba ya iya murɗa komai. Ni nake rufewa in na dawo, kullum sai mun yi faɗa a kai."

"Yau kin rufe?"

"Yau gawa na tarar."

"Kurma fa?"

"Kawu Kurma ko cokali ba ya riƙewa da kyau, hannunsa rawa yake. Zuwa yake ya zauna yana kallo kawai. Wallahi ba shi ba ne, yallaɓai. Mutumin da in Baba ya yi tari sai ya miƙe tsaye!"

"An ɗauki wani abu a ɗakin?"

Ta tashi ta leƙa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna ƙuryar tebur. "Faifan babu. Wani faifan katako ne da ya zuba wa yashi, ya ɗora tanka mai cin wuta, da 'yan mutane ƙanana kamar ɗan yatsa. Shi zai kai baje kolin ƙungiyar tsofaffin sojoji ranar Asabar. Ko da safiyar nan ni na riƙe masa audugar hayaƙin da hantsaki yana mannawa."

"Me mutanen suke yi a kai?"

"Ɗaya yana jan ɗaya daga ƙofar gaba. A sama kuma wani yana fitowa, wani ya riƙe masa ƙafa daga ciki, shi kuma ya ɗora masa takalmi a fuska. Na ce Baba wannan ai mugunta ce. Ya ce haka aka yi."

Washegari Oga, shugaban caji ofis ɗin, ya kira Sufeto ofishinsa. Oga mutum ne da ba ya son fayil ya kwana biyu a tebur, musamman in manya sun sa baki.

"Me kake nema kuma?" ya ce. "An kama mutum da jini a jiki. Shugaban ƙungiyarsu, Manjo mai ritaya, ya zo da kansa ya ba da shaida cewa haukan Kurma ya tashi kwanan nan, har ya taɓa ɗaga wa marigayin wuƙa. Manjo fa! Mai lambar yabo. Ranar Litinin ka kai shi kotu, ko igiya ko gidan mahaukata, wannan matsalar alƙali ce."

"Ka ba ni zuwa Litinin ɗin, yallaɓai."

"Na ba ka. Ko awa ɗaya ba ƙari."

Sufeto ya gangara sel, inda aka tsare Kurma. Abin da ya gani ya sa ransa ya ɓaci ƙwarai. Masu gadi sun nemi Kurma ya amsa laifi, suna tambaya yana kallonsu, suka ce taurin kai ne. Sun karya masa hannun dama a ƙasan gwiwa. Babu wanda ya tuna cewa mutumin ba ya ji.

Ya zazzage su, ya sa aka kira likita ya ɗaure hannun. Sannan ya tsuguna gaban dattijon, ya sa bakinsa daidai inda zai iya karanta leɓensa.

"Baba, faifan da Saje ya yi. Su wa ke kai?"

Kurma ya jawo kwanon ruwansa da hannun hagu ya kife shi a ƙasa. Ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Tanka ke nan. Mu huɗu. Saje yana tuƙi, ni ina kan bindiga, Auta yana loda harsashi, Oga yana sama. Auta shi ne ƙaraminmu, bai daɗe da aure ba. Aka harbe mu, wuta ta kama. Oga ya fita. Auta ya riƙe masa ƙafa yana cewa Oga ka ja ni. Oga ya taka shi a fuska, ya faɗa ciki." Ya ɗaga kwanon ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar. "Ni na fita ta ƙasa, na zagaya na jawo Saje. Aka ba Oga lamba, wai shi ya cece mu."

"Wane Ogan?"

"Manjo. Lokacin yana laftanan."

"Kuka yi shiru duk shekarun nan?"

Kurma ya yi masa kallon mamaki. "Ogana ne. Ya ce mu yi shiru."

Gidan Manjo babba ne, ciyawa a aske, mota a wanke. Mutumin dogo ne, gashin baki fari, yana tafe kamar har yanzu ana yi masa faretin girmamawa. Ya karɓi Sufeto a ɗakin aikinsa, don shi ma gwani ne wajen haɗa tankoki.

Ɗakin kamar kantin magani. Burusai a jere bisa tsayi, kowanne an matse bakinsa ya yi tsini. Kwalaben gam da na fenti duk a rufe, takardunsu suna kallon gaba.

"Yaushe rabonka da gidan Saje, ranka ya daɗe?"

"An kwana biyu. Ya yi mako biyu ko fi."

"Kun shaƙu?"

"Yarona ne. Ni na fito da shi daga wuta da hannun nan. Shi da wancan mahaukacin, ni nake riƙe da su tun da aka sallame mu. Ka ga sakayyar: kare ya cinye ɗan'uwansa."

"Ka san wani faifai da yake haɗawa?"

"Saje kullum yana haɗa wani abu. Hannunsa ya lalace, amma yana da ido, ba zan hana shi wannan ba." Ya dubi agogo. "Gobe baje kolinmu, Sufeto. Ka zo ka ga yadda sojoji ke karrama nasu."

A mota Kofur ya ce, "Mu nemi takardar bincike mana, yallaɓai. Kodayake in shi ne, ai ya riga ya ƙone faifan."

"Anya. Mutumin da ya kasa barin burushi ya bushe, shi zai iya cinna wa irin wannan aikin ashana? Gobe ka zo da Kurma, ka bar shi a mota. Ni zan ɗauko yarinyar."

Zauren ƙungiyar ya cika maƙil ranar Asabar. Tsofaffi da sanduna, wasu a keken guragu, ƙirji duk lambobi. Tebura sun sha tankoki. A sahun gaba an zaunar da wata tsohuwa siririya, matar Auta, wadda ba ta sake aure ba. Duk shekara ana gayyato ta ta yi wa Manjo godiya a bainar jama'a saboda ƙoƙarin da aka ce ya yi na ceto mijinta, duk shekara kuma tana yi.

Manjo ya hau mumbari, ya yi jawabi har muryarsa ta yi rawa. Sannan ya yaye wani farin ƙyalle.

"Aikin ɗan'uwanmu na ƙarshe ke nan. Makonni biyu da suka wuce ya danƙa mini shi amana, ya ce in ƙarasa masa."

Aiki ne na gani na faɗa: yashi, tanka baƙi ƙirin, hayaƙin auduga yana tashi. A sama kuma ɗan mutum ya durƙusa, ya miƙa hannu yana jawo na ciki. Matar Auta ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

'Yar Saje ta miƙe daga baya. "Ƙarya ne! Wannan hayaƙin ni na riƙe shi ranar da aka kashe Baba. Kuma ba hannu ya miƙa ba, ƙafa ce!"

"Ku fitar da yarinyar nan, baƙin ciki ya taɓa ta," in ji Manjo.

Sufeto ya riga ya isa gaban faifan. Ya taɓa yashi, a bushe. Ya taɓa jikin tankar, a bushe. Ya ɗora ɗan yatsa a kan ɗan mutumin da ke sama, yatsan ya ɗago da ɗanyen fenti. Ya ari madubin ƙara girma daga wani tsoho, ya duba fuskar na cikin tankar.

"Ranka ya daɗe, ka yanke ƙafar ka lanƙwasa ta, ka sauya hannun. Aikinka ya yi kyau. Amma fuskar Auta ba ka taɓa ta ba. Saje ya zana sawun takalmi a kuncinsa, ga shi nan layi-layi. Duk mai so ya zo ya gani."

Tsofaffin suka taso. Madubin ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya duba sai ya koma baya. Na ƙarshe matar Auta ce. Ta daɗe a sunkuye.

"Jiya na tambaye ka faifan, ba ka ce yana wurinka ba," in ji Sufeto. "Yau ka ce amana aka ba ka tun makonni biyu, alhali da safen ranar kisan yana kan teburinsa. Yaya aka yi ya zo hannunka?"

Manjo ya dubi zauren, ya ga babu ido ɗaya da ke tare da shi. Bai girgiza ba. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Shi ya kira ni in gani, wai kada in ji kunya ba shiri. Na ce ya cire ƙafar. Ya ce a'a. Saje, yana ce mini a'a! Ya juya mini baya ya ci gaba da fentinsa."

"Sai ka fasa masa kai, ka tattake aikinsa na shekaru don a ce mahaukaci ne."

"Kurma na zuwa kullum da yamma. Ai dama ba shi da wani amfani, a gidan mahaukata ma an fi kula da shi."

"Gawa tana kwance, ka tsaya wanke burushi?"

"Burushi ne mai kyau. Shi me ya yi da za a bar shi ya lalace?"

Matar Auta ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mijina ya kira sunanka?"

"Ya riƙe mini ƙafa, baiwar Allah. Da na tsaya, da mu biyu muka ƙone. Laftanan da mai loda harsashi ba farashinsu ɗaya ba."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta koma kujerarta ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya.

Kofur ya buga masa ankwa. Aka ratsa da shi tsakiyar zauren, keken guragu suna jan baya suna ba shi hanya.

A waje Sufeto ya buɗe motar, ya fito da Kurma, ya tsaya inda zai ga bakinsa. "Baba, an gama. Ka tafi gida. Ba kai ba ne, kowa ya sani."

Kurma bai ma kalle shi ba. Idonsa yana kan Manjo da ake saukowa da shi daga matakala. Kurma ya haɗe ƙafafu, ya miƙe ƙyam, ya fara ɗaga karyayyen hannun nan zuwa goshi. Hannun ya ƙi wuce kafaɗa. Gumi ya karyo masa, haƙoransa suna haɗuwa don azaba, amma bai sauke ba.

Manjo ya tsaya a gabansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Sarawar banza," ya ce. "Ko wannan ba ka iya ba."

Kurma ya karanta leɓensa sarai. "Yi haƙuri, Oga," ya ce da ƙarfi, ya sake gwadawa.

Aka tura Manjo cikin mota aka ja. Sai da Sufeto da 'yar Saje suka haɗu su biyu kafin suka iya sauke wa Kurma hannun.