Kiɗan Da Ya Jira Numfashinta

Zakiyya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin taron, ta damƙe gefen mayafinta, idonta na kan kujera guda ɗaya.

Kujerar mai piyano.

Babu kowa a kai. Shi kansa piyanon an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora masa wata 'yar baƙar sifika irin wadda ake haɗawa da waya.

"Ki shiga mana," Yaya Mansir ya ce daga bayanta. "Ko kin fasa ne, mu koma gida?"

"Ban fasa ba, Yaya."

Ta shiga a hankali. Dama ta san ba za ta same shi ba, amma zuciya ba ta jin magana. Tun daga gida take ce wa kanta kar ta kalli kujerar, ga shi kuma ita ta fara kallo.

Ƙungiyar tasu ta 'yan sa-kai ce, masu wasan kwaikwayo mai waƙa. Akwai malaman makaranta, akwai ɗalibai, har da tela. Duk Asabar suke haɗuwa a wata makarantar firamare da ke unguwar Ɗan Iya, a hannun Anti Mojisola, tsohuwar malama da ta daɗe a Bauchi. Yau kuma ranar gwaji ce, za a zaɓi wadda za ta fito a matsayin jarumar wasan bana.

A da, Musaddiq ne ke kaɗa musu piyano. Ɗan unguwar Tirwun ne, yana gyaran rediyo da sifika a shagon Oga Anayo, kuma a nan ya koyi kiɗan, a kan wani piyano da aka kawo gyara mai shi bai dawo ba. Ba shi da yawan magana. Idan Zakiyya na waƙa, ba ya kallon yatsunsa, kafaɗarta yake kallo. In ta ɗaga, ya san numfashi take nema, sai ya dakata mata.

Haka soyayyar ta fara. Babu wanda ya ce wa wani komai sai can daga baya.

Sai aka kai wa Mansir magana, wai ƙanwarsa tana tsayuwa da makaɗi bayan an tashi. Mansir shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Da ƙafarsa ya je shagon, ya ce ko dai Musaddiq ya bar ƙungiyar, ko Zakiyya ta bari.

Musaddiq ya ce shi zai bari.

Tun daga ranar, ko sau ɗaya wayarta ba ta yi ƙara da sunansa ba. Damina ta zo ta wuce. Abin da ke hana ta sukuni ke nan kullum: alkawari ya riƙe, ko kuwa mantawa ya yi da ita?

"A'a, su Zakiyya ne? Ashe an barki kin fito."

Zubaida ce, ta sha kwalliya, ta zo ta zauna kusa da ita a kan benci. Ita ma jarumar take nema.

"Ina wuni, Zubaida."

"Lafiya lau. Kin ji kiɗan kuwa? Ai ba mai piyano yau, a waya aka ɗauko." Ta rage murya. "Musaddiq ne ya kaɗa. Ina shagon aka yi. Da muryata ya gwada, har yana cewa bai taɓa jin wadda ta hau kiɗansa irina ba..."

Zakiyya ta kawar da kai.

"Allah Ya taimaka," ta ce.

"Amin, 'yar uwa. Kar ki sa abin a ranki. Kin san maza."

Anti Mojisola ta tafa hannu, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"To, kowa ya yi shiru. Yau babu mutum a kan piyano, saboda haka ku buɗe kunne. Mutum yana jira, amma waya ba ya jiran kowa. In ka yi baya, shi ya tafi. In ka yi gaba, shi ba ya bin ka. Khadijatu, zo ka fara."

Khadijatu ta hau dandamali, aka danna waya. Sautin piyano ya cika ɗakin.

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Hannunsa ne. Ko a cikin hayaniyar kasuwar Wunti aka kaɗa mata wannan za ta gane. Yadda yake taɓa sautin farko a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya...

Baitin farko ya tafi daidai. A baiti na biyu, Khadijatu ta rera, "Ka tafi da rana," ta zarce, "ka bar ni da inuwa," sai ta ji ita kaɗai take tafiya. Kiɗan ya yi shiru a tsakiya, sannan ya biyo ta a baya. Ta rikice, ta yi dariya, ta sauko.

Mary ta hau, ita ma a nan ta yi tuntuɓe.

"Anti, wayar nan tana maƙalewa," in ji tela.

"Ba ya maƙalewa. Zubaida, zo."

Zubaida ta hau tana gyara ɗankwali. Muryarta mai daɗi ce, wannan ba mai musu. Ta rera baitin farko har aka fara gyaɗa kai. Da ta zo "Ka tafi da rana," ita ma ta zarce da ƙarfinta, kiɗan ya bar ta a fili. Ta tsaya, ta koma, ta sake shiga inda ba nan ba.

"Anti, gaskiya akwai kuskure a kiɗan nan," ta ce a fusace. "Wane irin shiru ne wannan a tsakiyar baiti?"

Khadijatu ta ce daga benci, "Au, ba ke kika ce mana da muryarki aka gwada ba?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Zubaida ta sauko ba ta kalli kowa ba.

"Zakiyya."

Ta tashi ta hau. Can baya ta hango Yaya Mansir ya harɗe hannu a ƙirji, makullin mota na lilo a yatsansa.

Aka danna waya.

Ta fara a hankali, muryar na ɗan rawa. Ba ta saba waƙa babu idonsa a kafaɗarta ba. Tun tana ƙarama take fama da asma, numfashinta ba ya kai dogon baiti, kuma ta san wurin da yake yanke mata. Tana jin wurin yana matsowa. Waya ba ta jiran kowa, haka Anti ta ce.

"Ka tafi da rana..."

Numfashin ya ƙare. Kafaɗarta ta ɗaga.

Sai kiɗan ya tsaya.

Bai wuce ba, bai gaza ba. Daidai tsawon da take ɗauka ta cika ƙirjinta, daidai shi. Tana buɗe baki, piyanon ya dawo tare da ita, kamar yana zaune a kujerar can yana kallonta.

"...ka bar ni da inuwa."

Hawaye suka zubo mata, amma ba ta daina ba. A baiti na uku ma ya jira ta. A na ƙarshe, inda kullum take yin jinkiri don tsoron sautin sama, nan ma ya sassauta mata. Ta kai waƙar ƙarshe, ɗakin ya yi tsit kafin a fara tafi.

Anti Mojisola ta cire tabarau tana goge shi da gefen zane.

"Yanzu na gane," ta ce. "Yaron nan, na mayar masa da kiɗan, na ce Musaddiq akwai rami a ciki, ka gyara. Ya sake, ramin yana nan. Na sake mayarwa. Ya ce, Anti ki yi haƙuri, hannuna ya ƙi wucewa wurin. Na ce to ka zo da kanka ka kaɗa mana. Ya ce a'a, ya yi wa babban mutum alkawari." Ta mayar da tabarau. "Shi kaɗai ya yi shi a shago, ni da Anayo muna zaune. Ban ga wani Zubaida ba."

Zakiyya ta kalli bayan ɗakin. Makullin ya daina lilo a hannun Yaya Mansir.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Anti ta ce sai Asabar za ta faɗi wadda aka zaɓa, amma Zakiyya ko tunanin wannan ba ta yi. Ta jingina kai da gilashi tana kallon masu keke suna wucewa. Bai manta ba. Wannan kaɗai take ta juyawa a ranta, kuma sai ta ji kewar ta fi ta da ciwo, tunda sanin bai canza komai ba.

"Kin tuna hanyar islamiyya?" Mansir ya ce, idonsa na kan titi.

"Na'am, Yaya?"

"Lokacin kina ƙarama. Duk in mun zo gindin dalbejiyar nan ta gidan Malam sai ki tsaya ki dafa gwiwa. Abokaina su wuce, ni in tsaya ina jira ki huce. Kullum a makare muke zuwa, kullum ni ake duka."

"Na tuna..."

"Na ɗauka ni kaɗai na san inda numfashinki ke tsayawa."

Ta juyo ta kalle shi. Bai kalle ta ba.

"Ya taɓa kiranki tun ranar?"

"Wallahi ko sau ɗaya, Yaya."

"Ke fa?"

"Na sha ɗaukar wayar... sai in ajiye."

Ya gyaɗa kai. Da suka zo kwanar gida bai karya ba, ya miƙe.

Shagon Oga Anayo cike yake da tsofaffin rediyo da wayoyin wuta. Oga Anayo na ganin Mansir ya miƙe tsaye.

"Alhaji, lafiya dai ko? Yaron nan bai yi komai ba fa, kullum yana nan kamar an ɗaure shi."

"Lafiya lau, Oga. Kira min shi."

Musaddiq ya fito daga ciki yana goge hannu da tsumma. Ya rame. Ya ga Mansir, ya hango wadda ke tsaye a bakin mota, sai ya yi sauri ya mayar da idonsa ƙasa, ya rusuna.

"Yaya, barka da yamma. Ban karya alkawari ba, Yaya. Anti ce ta ce in ɗaukar musu kiɗan, ban je ba."

"Na sani. Na ji kiɗan." Mansir ya gyara tsayuwa. "Kiɗan nan dai har yanzu bai kwanta min ba, kar ka ce na ce ya kwanta min. Amma na ji an ce akwai rami a ciki."

Musaddiq ya ɗago kai ya kalle shi.

"Ba na son tsayuwar bakin titi. In da gaske kake, ka turo manyanka su ga Kawu, ni zan yi wa Umma bayani. Ranar Asabar kuma ka koma ka cire zanen nan daga kan piyanon mutane, ka bar wahalar da 'ya'yan jama'a." Ya juya wurin Oga Anayo. "Oga, zo ka duba min rediyon motar nan, yana shaƙewa."

Rediyon lafiyarsa lau. Oga Anayo ya gane, ya bi shi yana murmushi.

Musaddiq ya tako a hankali, ya tsaya ɗan nesa da ita.

"Zakiyya..."

"Ko gaisuwa, Musaddiq? Ko a bakin wani?"

"Na ce masa ba zan yi ba. In na karya, da wane ido zan zo neman ki?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Kullum ina kaɗa waƙar nan in an rufe shago. In na zo wurin sai in tsaya, in ji kamar kina nan."

"An ce min da wata ka gwada."

"Wa zan jira in ba ke ba, sanyin idona?"

Ta rufe fuska da mayafi.

"Kin ji abin da Yaya ya ce. Amma ni daga bakinki nake son ji. In turo su?"

Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Kuka da dariya suka haɗu suka tare mata ƙirji, kafaɗarta ta ɗaga.

Ya gani. Bai matsa mata ba, bai sake tambaya ba.

"Ja numfashinki," ya ce a hankali. "Ina nan."

Ta ja, ta cika ƙirjinta.

"Ka turo su."