Gawa a Ƙarƙashin Baƙin Dutse

Da hantsin wata Litinin a shekarar 1983 aka bugo wa Sufeto Shu'aibu waya daga Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano. An tsinci gawar ma'aikaci a wata masana'antar yankan dutse.

Ya tarar an kashe injuna, leburori sun yi cirko-cirko. A ƙuryar shagon wani dattijo na kwance rigingine, baƙin falalen dutse mai tsawon tebur ya danne masa ƙirji.

"Malam Idrisu ne, mai goge mana dutse," in ji Alhaji Lawan, mai masana'antar. "Shekararsa goma sha takwas a nan."

Labaran, foman ɗin wurin, ya matso. "Tsautsayi ne, ranka ya daɗe. Daga kan kantar ajiye duwatsu dutsen ya zamo."

"Yaushe rabonka da Malam Idrisu?" in ji Sufeto.

"Asabar da azahar. Na tashi na bar shi yana aiki."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi kantar. Ta fi shi tsawo. Ya durƙusa ya bi gefen dutsen da yatsa, bai ji ko ɓantara ɗaya ba. Da ƙarti shida suka ɗaga shi aka juya gawar, sai ga rauni a ƙeya. A aljihun mamacin kuma akwai ɓarin lemon tsami guda uku.

Daga nan ya wuce gidan makoki. Hadiza, matar mamacin, ta yi magana daga bayan labule.

"Ran Asabar da safe ya ce in ba shi lemon tsami. Na ce, Malam, mura ce? Ya ce a'a, zai nuna wa Alhaji wani abu ne, don shi ba za a yi ha'inci da hannunsa ba. Kwana biyu muna cigiyarsa, ashe yana can a kulle."

Sufeto ya sayi lemo a hanya, ya koma wajen Alhaji Lawan.

"Alhaji, ina haɗin lemon tsami da dutse?"

"Gwaji ne. Giranit dutse ne mai tauri, tsami ba ya yi masa komai, shi ya sa wani asibiti ya ba mu aikin teburan ɗakin gwaje-gwajensa da shi. Marmara kuwa kyau gare ta, amma laushi ne da ita. Tsami na cin ta, kuma duk abin da ya zuba a kanta sai ta sha."

"Wannan da ya danne shi fa?"

"Giranit ne, cikin na asibitin."

Sufeto ya matsa lemo a kai. Da aka jima ya goge da hankici. Wurin ya dushe, ya yi fari-fari. Alhaji ya yi salati ya dafa bango.

"Baƙar marmara ce! An musanya mini kaya. Da wannan ya je asibiti, wata guda magunguna sun cinye shi."

"In ta faɗo daga kan kantar can, za ta tsira?"

"Ko kusa. Biyu za ta rabe."

"Ashe ɗora ta aka yi. Mutum ɗaya zai iya?"

"Sai da injin sarƙa mai ɗaga kaya. Mukullinsa kuwa..." Alhaji ya waiga wajen ma'aikata. "Wajen foman yake."

Sufeto ya sa kofur ɗin da suka zo tare ya tone tarin guntayen da ke bayan shago. Can ƙasa aka zaro wani guntun farar marmara da aka wanke tas, amma gefensa ya riƙe wani ja-ja da ya shige ciki.

Aka kira Labaran ofis. Sufeto ya ajiye guntun a gabansa.

"Ka ce da azahar ka tafi. Wa ka bar wa mukullin injin sarƙa?"

"Ba na ba kowa."

"To wa ya ɗora wa Idrisu dutse a hankali haka? Kai da ka san marmara na shan jini, me ya sa ka wahalar da kanka da wanki?"

Labaran ya kalli guntun. Sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Giranit ɗin na karkatar wa wani ɗan kwangila, na sa baƙar marmara a madadinsa. Idrisu ya gane tun daga yadda injin ke tafiya a kan dutsen. Bayan kowa ya watse na roƙe shi ya rufa mini asiri, har na riƙe masa ƙafa. Ya ce marasa lafiya ne za su cutu. Ya juya zai fita, ni kuma hannuna na kan wannan." Ya rushe da kuka. "Shi ya koya mini aikin nan."

Kofur ya buga masa ankwa. A bakin Landiroba Labaran ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, don Allah kada a bi ta layinmu. Ƙofata na kallon ta Idrisu, ana zaman makoki."

Sufeto ya dube shi, ya buɗe masa ƙofar baya.

"Hanyar guda ɗaya ce, Labaran. Shiga."