Lukuti Ɗan Tiyata

Wando na uku ke nan Malama take gwada wa yaron, ya ƙi wuce cinya. Ta ja tsaki ta jefar da shi kan gado. Shekararsa biyu da rabi, amma kayan ɗan shekara huɗu ubansa Tela yake ɗinka masa, shi ya sa duk gidan ba mai kiransa sai da Lukuti.

Inna, surukarta, tana jingine a bakin ƙofa. "Yo ina wando zai shiga? Yaron da bai sha wuyar fitowa ba! Mu da muka durƙusa muka haifi namu, ga su nan tsaf-tsaf."

Malama ta haɗiye maganar. Tun ranar da aka yi mata tiyata aka ciro yaron take haɗiye irinta. Ga wani cikin na wata biyar, ga makaranta tana jiranta, ga gorin raguwa da ake yi mata kullum.

Sai ga Auta, ƙanwar mijin, ta faɗo ɗakin tana ɗaga waya sama. "Inna, wallahi maganarki ce! Ga shi a fon. Wai jaririn da ya biyo hanya yana kwaso wasu ƙwayoyi masu amfani daga jikin uwa, su zauna a hanjinsa, bakteriya ake ce musu. Ɗan ofareshin kuwa ba ya samu, shi ya sa yake ƙiba. Sori, Anti, bincike ne ba ni ba!"

"Kin ji ko!" in ji Inna. "To wannan cikin a ɗakina za a haife shi. Ba za a sake cika mini gida da buhuna ba."

Da Tela ya shigo cin abincin rana, Malama ta zayyane masa komai. Mutumin da kafin aurensu ya yi wata shida yana ɓata ɗinkin rigunan ɗalibanta da gangan don ta riƙa dawowa shagonsa, yau sai sosa ƙeya yake.

"Ki yi haƙuri. Amma ni ma fa nakan ce, da kin ƙara daurewa ranar..."

"Daurewa?" Ta miƙe tsaye. "Kwana biyu ina naƙuda! Kai ka sa hannu a takarda kana kuka, har nas ta ba ka kujera. Yau ni ce raguwa? Ka zaɓa, ko asibiti ko gidan ubana!"

Hawaye suka ɓalle mata. Tela ya rasa inda zai sa kansa, gaba siyaki baya damisa. Can ya ce, "Gobe dukanmu za mu je wajen likita, har Inna, har Auta da wayarta. Abin da ta faɗa shi ke nan."

Washegari suka cika ɗan ofishin likitar, wata dattijuwa mai tabarau. Ta saurari Auta har ƙarshe, ta ce, "Rabin gaskiya kika karanto, 'yata. E, a watannin farko ƙwayoyin hanjin ɗan tiyata sukan bambanta. Wasu masu bincike sun ga 'yar alaƙa da ƙiba, wasu ba su gani ba. Nonon uwa kuma yana gyara da yawa. Wata nawa ya sha?"

"Ashirin," in ji Malama.

"Madalla. To me yake ci idan kina makaranta?"

Duk ido ya koma kan Inna.

"Me kuwa? Ɗan lemon kwalba ne... biyu. Da biskit in ya yi kuka."

"Sau nawa yake kuka?"

"Yo yaro ne ai, likita!"

Malama ta dafe kai. "Inna! Ni ina auna masa abinci da cokali, ashe..."

"Jikana ne! In zuba ido yana kuka?"

Likita ta cire tabarau. "Lemon nan a daina, a bar shi ya yi guje-guje. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce haihuwar gida da na ji ana shiri. Baiwar Allah, hau gado in duba ki. Inna, matso kusa."

Likita ta ɗaga rigar Malama. A ƙasan cibiya tabon ya miƙe daga gefe zuwa gefe, baƙi, mai kauri, cikin ya ja shi ya yi tantsan. Inna ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ta nan jikanki ya fito, don a kwance yake a gicciye," in ji likita. "Da an ƙara jira, da biyu kuka rasa. Wannan karon tana iya haihuwa da kanta, amma a nan, a gabanmu. In ɗinkin ciki ya buɗe a gida, kafin ku sami mota an gama."

Inna ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu, ta ja rigar ta rufe mata.

"Duk wannan aka yanka?" in ji ta. "Kuma kika tashi kina yi mini girki?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Inna. Na ga komai ranar, na yi shiru shekara biyu da rabi." Ya juya ga matarsa. "Ki yafe mini."

"Zan yi tunani," in ji Malama, tana share ido, murmushi yana neman ƙwace mata.

Bayan wata huɗu haihuwa ta gagara a asibiti, aka sake yi mata tiyata, ta sami 'ya mace. Inna ce ta zauna a bakin ɗakin tiyatar da carbi, ita ce kuma ta kori wata maƙwabciya da ta zo barka tana cewa, "Ayya, an sake yankawa?"

"An sake ceto dai! Ke in an yi miki allura kwana uku kike ɗingishi!"

Haƙurin Malama bai faɗi ƙasa ba. Haihuwa ba gasar jarumta ba ce, ta kowace ƙofa ɗa ya zo da ran uwarsa aka yi caca. Namiji kuma da ya san gaskiyar matarsa ya yi shiru a gaban danginsa, da shi aka cuce ta.