Allura ta Uku

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba na dariya ba ne.

Ilu, wani maɗinkin hula a Gusau, bai gaji komai ba sai garmaho da faifai ɗaya. Mahaifinsa makaɗin gurmi ne, a gindin wata tsamiya aka ɗauki waƙarsa. Duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage, shi ya sa Ilu ke lallaɓa faifan kamar ƙwai.

Ran nan allurar garmahon ta lalace. Ya isa layin 'yan rediyo gab da magariba. Kowa ya rufe, sai wani tsoho da bai taɓa gani ba.

"Iri biyu ce," in ji tsohon. "Mai nauyi tana da ƙara, amma cin faifai take. Mai maganaɗisu ba ta da nauyi, ba ta yi masa lahani."

Muryarsa na ƙas-ƙas kamar tsohon faifai. Kuma sai magana ta fito, sannan bakin ya motsa. Ilu ya gani sarai, amma kun san mutum da kwaɗayi.

"Baba, wacce ta fi fito da murya?"

Tsohon ya buɗe tafin hannu. Ga ta uku, baƙa siririya.

"Wannan ba ta barin komai a baya. Haɗa da mai nauyin, za ka neme ta."

A gida Ilu ya ɗaura baƙar. Har numfashin mahaifinsa ya ji, har gogar yatsa a kan tsirkiya. Ya yi kuka don daɗi. Can sai ya ji amshi ƙasa-ƙasa, alhali marigayin bai taɓa waƙa da 'yan amshi ba.

Maimakon ya tsaya, sai ya sake sawa. Amshin ya matso. A nan ya gane ashe rawar da muryar mahaifinsa ke yi ba salo ba ne, tsoro ne.

Sai amshin ya tsaya cak. Wata murya daga cikin faifan ta ce, "Ina Kulu?"

Kulu ƙaramar 'yar Ilu ce, bayan rasuwar mahaifinsa aka haife ta. Ilu ya waiga. Ta tashi daga tabarma, ido a rufe, ta nufi ƙofa tana rera amshin.

Ya ɗaga allurar. Waƙar ba ta tsaya ba.

Ya cire baƙar, ya ɗaura mai nauyin, ya danne ta da babban yatsa. Ta shiga kankare faifan, baƙin gari na tashi. Yana ji muryar mahaifinsa na tsinkewa, yana hawaye, bai sassauta ba har komai ya mutu.

Kulu ta zauna daɓas a bakin ƙofa. "Baba, ƙishirwa nake ji."

Faifan na nan a gidansa, in an sa sai shuuu. Ilu ya ce yanzu ko a mafarki ba ya iya tuno muryar mahaifinsa.

Kada wanda ya bi layin nan shi kaɗai da magariba. In kuma aka ce muku iri biyu ce, kada ku tambayi ta uku.