Ƙullin Kyaftin Tolliver

Da hantsi aka kira Sufeto Orville Pruitt zuwa tafkin da ke bayan wani kamfanin fim a Los Angeles. Nan ake ɗaukar wasan barkwancin talabijin na sojojin ruwa da ɗan jirginsu a zamanin yaƙi. A 1963 kowa na shan dariya da shi ban da Pruitt, wanda ƙanensa ya tafi yaƙin bai dawo ba.

Gawar Milton Sasko, marubucin wasan, ce ta taso kan ruwa da rauni a ƙeya. An ɗaura masa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgin, a ƙafa don ya nutse, sai ƙullin ya warware.

Tuni masu gadi suka tsare Eino Lahti, tsohon sojan ruwan da ke koya wa 'yan wasa aikin jirgi. Jiya kowa ya ji shi yana rantsuwa sai ya nutsar da Sasko. In ta tabbata, kisa ne hukuncinsa.

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?" in ji Pruitt.

"Na faɗa, ban kuma janye ba. Abokaina tara na baro a ƙarƙashin teku, shi kuma ya mai da mu 'yan caca da ɓarayin giya."

"Ina kake da sassafe?"

"Gida."

"Ƙarya kake, tsoho. Ƙarfe shida mai gadi ya ga shigarka."

Lahti ya tofar da yawu. "To, na shigo. Sasko ne ya kira ni, wai a wane jirgi Tolliver, babban ɗan wasansu, ya yi yaƙi. Na ce ni dai ban taɓa jin sunansa a teku ba."

Yana magana yatsunsa na ƙulla wata guntuwar igiya, ko kallonta ba ya yi. Pruitt ya karɓa ya ja iya ƙarfinsa. Ko gezau.

Wade Tolliver shi ne tauraron wasan, mai fitowa a kyaftin, wanda mujallu suka cika duniya da labarin jarumtarsa a yaƙi. Pruitt ya same shi a kan jirgin ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana shafa masa hoda.

"Yi ka gama, Sufeto. Kun kama mahaukacin tsohon, sai me kuma?"

"Ka ga Sasko yau?"

"Ko inuwarsa."

"An ce shekara uku ka yi a teku."

"Uku da rabi. Lokacin kai kana bakin titi kana ba motoci hannu."

Maganar ta soki Pruitt, amma ya haɗiye ta. Ya sa aka kawo Lahti, sannan ya jefa wa Tolliver igiya.

"Ɗaure mana jirgin, Kyaftin."

"Akwai masu wannan aikin."

"Yau babu."

Ma'aikata sun zagaye su, ba hanyar zillewa. Tolliver ya nannaɗe igiyar a turke ya ƙulla, zufa na wanke hodar. Da yatsa biyu Pruitt ya ja, ƙullin ya zame.

"Ko kwikwiyo ba zai kwana a wannan ba," in ji Lahti.

"Da hannun sojan ruwa ne ya ɗaure Sasko, da yanzu yana ƙarƙashin ruwa," in ji Pruitt. "Ramin ƙarya ƙurarre ne, Tolliver. A ina ka yi yaƙin?"

Tolliver ya share zufa. "A kantin takalma, a Ohio. Sasko ya gano, ya ce zai sa a wasan mako mai zuwa. Na roƙe shi, ya ƙi. Duk ƙasar nan za ta yi min dariya!"

"Ai da ma aikinka ke nan," in ji Pruitt.

Aka sa wa Tolliver ankwa aka wuce da shi, babu wanda ya ko murmusa. Lahti ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya ɗaure jirgin yadda ake ɗaurewa.