Wayar da Nura Ya Binne a Bakin Tafki

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman tsari daga abin da zan ba da labarinsa.

Ranar da ɗana Nura ya cika kwana arba'in da rasuwa, matarsa Ummulkhairi ta durƙusa a ƙofar zaurena bayan la'asar.

"Baba, damina ta matso, masu noma suna jira. A kwashe wayar nan daga gona."

Nura makanikin radiyo ne. Shekara huɗu yana bin wani irin sauti da ya ce yana can ƙasa da duk tashoshin da mutane ke kamawa, sauti mai ratsa ƙasa da ruwa ya yi tafiyar wata a ƙiftawar ido. Ya kafa turakun ƙarfe biyu a gonarmu ta bakin tafkin Madarunfa, ya haɗa su da doguwar waya da ya binne a ƙasa, ya ja ta zuwa wata bukka inda ya ajiye na'urarsa. Burinsa guda ne: alamarsa ta isa ga abokinsa Ɗan Baba, wanda ke saurare da irin na'urar a Bilma, can cikin hamada. Harafi ɗaya yakan ci sa'a guda kafin ya fita. Bai taɓa isa ba.

Ni kuwa na hana shi. Na ce satar ji aikin aljanu ne, ɗan malami ba ya kasa kunne ga abin da aka ɓoye. Ya ce, "Baba, tsawa ce kawai daga nesa, halittar Allah ce." Na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba sai ya tuge turakun. Wata bakwai na riƙe rantsuwata. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi ina garin Safo wurin karatu.

Na ɗauki lauje na fita ni kaɗai. A hanya na haɗu da Kanta, maƙwabcin gonarmu, dattijo mai bin addinin kakanninsa, yana koro jakinsa.

"Malam, ina zuwa da almuru haka?"

Na gaya masa. Ya tsayar da jakin.

"Na hwaɗa wa yaron. Turken gabas cikin saiwar tsamiya ya buga shi, bai yi sallama ba, bai nemi izinin masu wurin ba. Ka bari sai hantsi."

"Ba na tsoron itace, Kanta."

"Ba itacen na ce ba."

Na wuce. Rana ta yi ja a kan ruwa. Warin laka da na kifi ya cika iska, balbelu suna komawa sheƙa. A cikin bukkar komai yana nan yadda ya bar shi: tabarma, buta, hularsa a kan ƙusa. Na shinshina hular. Na zauna.

Abin sawa a kunne yana rataye a jikin na'urar. Ban taɓa taɓa shi ba. Na ce bari in ji, sau ɗaya, abin da ya raba ni da ɗana.

Na sa.

Da farko ƙara ce kamar ana toya gyaɗa. Sai wani fito siriri da ya sauko daga sama har ya ɓace. Sai wani. Wallahi yana da daɗi. Hawaye suka jiƙa gemuna.

Sai kwaɗin tafki suka yi shiru gaba ɗaya.

Ƙarar ta ɗauke. A madadinta na ji numfashi.

"Baba."

Muryarsa ce, har da ƴar dushewar da ya gada daga mahaifiyarsa.

"Baba, ka yafe mini?"

Na san abin da na karantar shekara hamsin. Wanda ya shiga barzahu ba ya dawowa. Wanda aka kira a daji da almuru bai ga mai kiran ba, ba ya amsawa, domin amsar ita ce ƙofa.

Amma kalma biyu ce: na yafe. Wata bakwai da kwana arba'in suna maƙale a maƙogwarona.

"Ka ce kawai, Baba. Ina jin sanyi."

Leɓɓana suka buɗe. Idona ya faɗa ƙarƙashin tebur, inda batirin na'urar yake zama. Babu shi. Ni da kaina na sa aka kai wa Ummulkhairi ranar sadakar bakwai, don ta riƙa kunna fitila. Igiyoyinsa biyu suna reto a iska.

Wayar da ta shigo daga gabas ta motsa. Ta miƙe tsam, kamar ana jan ta daga gindin tsamiya.

Warin kafur na likkafani ya cika bukkar.

"Baba." Wannan karon ba a cikin abin kunnen ba ne. A bayan wuyana ne.

Na yi ta'awwuzi da ƙarfi. Na sari wayar da lauje. Wani ihu ya soki kunnena na hagu, na faɗi waje da rarrafe. Kanta ne ya ɗora ni a kan jakinsa. Ashe bai tafi ba, yana tsaye a kan iyakar gona.

Da hantsi muka tuge turakun, ni ina karatu, shi yana nasa surutun a hankali. Na gabas ya fito da ɗumi kamar jikin mai rai. Kunnena na hagu bai ƙara jin komai ba har yau.

Bayan kwana uku Ɗan Baba ya kira Ummulkhairi a salula. Ya ce a daren arba'in ɗin alamar Nura ta bayyana a allon na'urarsa a Bilma, harafi bayan harafi, cikakkiya, karo na farko.

Na san ba ɗana ne ya kira ni ba. Ilimina ya tabbatar mini, kuma da yau za a maimaita, da na sake yin shiru. Kowace Jumma'a ina zuwa kabarinsa in ce na yafe, in roƙi Allah Ya isar masa. Sai dai ranar da yake zaune taku uku daga gare ni, yana gaishe ni ina juya fuska, babu aljanin da ya riƙe mini harshe.

Allah Ya jiƙan Nura, Ya gafarta wa ubansa.